Yinin da Baba Ya Yi Shiru

Mahaifina direban babbar mota ne. Shanu yake ɗauka daga kasuwar Mai'aduwa ya kai kudu, tun ban san hagu da dama ba, har bayansa ya ƙi, ya ajiye tuƙi ya dawo Daura ya zauna. Mutum ne mai baki. Ko jana'iza aka je da shi sai an dawo da wata maganarsa da za a yi ta maimaitawa a ɓoye, ana dariya ana istigfari. Mu biyu ne 'ya'yansa da suka rayu, ni da yayana namiji. Ni na gaji bakin. Yaya kuwa marigayiya mahaifiyarmu ya biyo, wadda takan yini ba ka ji muryarta ba sai in za ta ce a tashi a yi salla.

Da aurena ya mutu na dawo gida da keken ɗinkina, na kafa shi a rumfar da ke ƙofar ɗakin Baba. A nan na san kaset ɗinsa. Na bidiyo ne, ba kwali, ba suna, wani a Kano ya kwafar masa. Tsohon fim ne na Turawa, baƙi da fari, wanda Baba ya fara gani a silima tun yana yaron mota, ya yi ta cigiyarsa shekara da shekaru kafin ya samu. Ba waƙa a ciki, ba rawa, ba wata kyakkyawa da za a yi dambe a kanta. Maƙwabta in sun leƙo suka tarar shi ne a ciki sai su ce, "Au, na tsohon nan ne," su juya. Baba ba ya jin Turanci, ni kuma nawa a gaisuwa ya tsaya, amma fim ɗin ba ya neman tafinta. Da an kawo wuta da rana zan ji ya kira ni, in ɗage ƙafa daga kan keke in shiga.

Labarin wani ne da ake biya ya kashe mutane. Dattijo ne tsaf-tsaf, mai ladabi, ba ya shiga gidan kowa sai ya goge takalminsa a bakin ƙofa. An aike shi ya kashe wani a gidan bene, sai ya ɓata hawa, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, ya harbi wani tsoho mai gyaran agogo. Kafin ya juya matar tsohon ta dawo daga cefane. Ta gan shi tsugune a kan mijinta, ta ɗauka bawan Allah ne ya zo taimako. Ladabi ya hana shi gudu. Shi ya ɗauki tsohon ya kai gado, shi aka aika kiran likita, shi aka ba kujera a wajen kai. Dangi suka cika ɗakin, kowa ya shigo sai ya kama hannunsa ya yi godiya.

Tsohon kuwa ya ƙi mutuwa, kuma nan fim ɗin yake. Sai ya yi bankwana da kowa, ya rufe ido, maza su tuɓe huluna, mata su fara kuka. Can sai ya buɗe ido ɗaya ya yi wata magana, matar ta zabura ta nufi wajen girki, ka ga hayaƙi, ka gane tukunya ya tambaya ko an sauke. A sake zama, a sake bankwana. Duk lokacin da ya buɗe baki gumi ne ke tsatsowa a goshin mai kisan, don tsohon ya ga fuskarsa sarai. Akwai wurin da tsohon ya ƙura masa ido, ya ɗaga yatsa a hankali ya nuna shi, ɗaki ya yi tsit, ashe so yake ya gyara masa matashi.

A ƙarshe ya mutu a lokacin da ba mai kallonsa, dangi sun ba shi baya suna gardama a kan a buɗe taga ko a rufe. Mai kisan na cikin masu ɗaukar akwatin gawa. A hanyar maƙabarta waɗanda suka aike shi suka harbe shi daga nesa. Ya sulale ƙasa, akwatin ya karkace, sauran masu ɗauka suka juyo suna hararsa don ya saki ɓangarensa. A nan fim ya ƙare.

Ranar da na fara ganinsa na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya kuma kunya ta kama ni, na rasa kunyar wa nake ji. Na sha kallon finafinai kafin nan da bayan nan, ban ga wanda ya yi mini haka ba. Ba ya saka maka kiɗan tausayi ya ce ga wurin kuka. Jinin ma ɗan tabo ne a rigar barcin tsohon, sai dai duk lokacin da aka dawo kansa tabon ya ƙara faɗi. Kai kana ta dariya, shi yana ta girma, ba wanda ya nuna maka shi, kai za ka lura da kanka. Har yau ina ganin wanda ya shirya fim ɗin nan ya taɓa zama a ɗakin mai cikawa, ya san yadda ƙafa ke sagewa da yadda ciki ke kukan yunwa a inda bai kamata ba.

Baba kan ce duk finafinan duniya ƙarya suke yi a kan mutuwa, ban da wannan.

"Na ga mutum a hanyar Lokoja, mota ta danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa," in ji shi. "Kin san abin da yake tambaya? Ina takalminsa ɗaya. Muna ta salati, shi takalmi yake nema. Haka ake mutuwa, 'yar nan."

Gardamarmu ɗaya ce, ba ta taɓa ƙarewa ba. Ni na ce tsohon ya ruɗe ne, bai gane wanda ya harbe shi ba. Baba ya ce ya gane shi tun daga ƙofa, ya ga dai in ya tona masa asiri 'yan sanda ne za su more shi, gara ya riƙe shi yana gyara masa matashi.

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da shari'a. Gari ya ɗan canza, wasu gidajen kallo sun rufe, lasifikan wa'azi sun ƙaru. Ni dai ta yi mini rana, don hijabi na yi ta ɗinkawa har yatsuna suka yi kanta. Yaya malamin Islamiyya ne, kuma yana cikin masu ba da kansu wajen wa'azi a ƙauyuka. Na so a ce munafuki ne, da na ji daɗin yi masa wankin babban bargo. Amma ba munafuki ba ne. Abin da yake faɗa a waje shi yake yi a ɗaki, kuma shi ke wanke wa Baba kaya da hannunsa ko da matarsa tana nan. In ya shigo ya tarar muna kallo sai ya yi sallama, ya sunkuyar da kai, ya gaishe da Baba ya fita. Bai taɓa cewa a kashe ba.

Sai ciwon hanta ya kama Baba. Ciki ya kumbura, idanu suka yi ruwan ɗorawa. Muka kai shi asibiti a Katsina, likita ya ja Yaya gefe, ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a. A cikin bas muna dawowa Baba ya jingina da kafaɗata ya ce, "In likita ya fara wa'azi, to magani ya ƙare." Wata mata da ke bayanmu ta yi dariya, sannan ta dubi cikinsa ta kawar da kai.

Kwana kaɗan bayan nan na dawo daga kai ɗinki na tarar babu bidiyon a ɗakin Baba, sai shacinsa a kan tebur. Na fito rumfa na tsare Yaya, na sauke masa kwandon magana. Na ce mutum yana kwance ba ya iya cin tuwo, ba ya iya zuwa ko zaure, abu ɗaya da ya rage masa shi ne za ka ɗauke? Ya bar ni na gama, sannan ya ba ni labarin wani mai shanu a Mashi wanda aka taɓa kiran Yaya ya zauna a kansa yana cikawa. Ya ce ya yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, mutumin kuwa shanunsa yake kira ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har rai ya fita. Ya ce tun ranar abin bai bar shi ba.

"Abin da mutum ya saba da shi, a kansa yake cikawa," in ji shi. "Ke dariyarsa kike so. Ni kalmarsa ta ƙarshe nake tsoro."

Na juya na koma kan kekena. Kowa a cikinmu ya taso yana jin cewa wanda kalmar shahada ta zama ƙarshen maganarsa ya dace. Shi ya sa ake zama a kan mai cikawa a riƙa faɗa masa ita a hankali. In ya faɗa sai a bar shi, kada wanda ya ƙara jan shi da zance. In kuma ya sake yin wata maganar duniya, to sai a sake faɗa masa, don ita ta zama ta ƙarshe. Ni ma na yarda da wannan, har yanzu na yarda. Abin da ban sani ba shi ne yadda za a yi da mutum irin Baba.

Shi bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ina aka kai bidiyon, na ce ɗakin Yaya, ya ce to a gaya masa ya kula da ɓera. Daga nan sai ya koma sa ni ina ba shi fim ɗin da baki. In na idar da azahar zan zauna a bakin gado in fara daga goge takalmi. In na tsallake wani wuri sai ya ɗaga hannu ya mayar da ni. Wani lokaci dariyar takan taɓa masa ciwon, ya riƙe gefen ciki yana cije baki, in ce bari in tsaya, ya ce in na tsaya Allah ya isa. Yaya yana jin mu daga tsakar gida, bai hana mu ba, sai dai ya ƙara yawan zama a ɗakin yana karatu.

Da damina ne, maza duk suna gona. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Dutsi ta tare a wurinmu. Wata safiya da hantsi numfashinsa ya canza, ƙafafunsa suka yi sanyi, Gwaggo ta taɓa ta dube mu, muka gane. Yaya ya zauna a wajen kai, ya sunkuya ya faɗi kalmar a hankali. Baba ya maimaita. Yaya ya ɗaga mana hannu alamar kada wanda ya ƙara magana. Baba ya rufe ido. Ba ka jin komai sai carbin Gwaggo, ni kuma hawaye ya riga ya jiƙa mini mayafi.

Can sai ya buɗe ido.

"An ɗaure akuyar nan kuwa? Za ta shiga gonar mutane."

Da gaske yake tambaya, don akuyar ta saba. Amma yana rufe baki ya gane ya yi irin na tsohon fim ɗin nan. Ya juyo da ido ya dube ni, na ga kumburarren cikin nan ya fara rawa don dariya. Na cusa mayafi a baki na cije. Yaya ya ce an ɗaure ta, Baba, ya sake sunkuyawa ya faɗi kalmar. Baba ya maimaita, ya rufe ido, muka sake yin tsit.

Na biyun da gangan ya yi, na rantse. Ya buɗe ido ɗaya, ya ɗaga yatsa a hankali, ya nuna Yaya, ya bar yatsan a tsaye har sai da Gwaggo ta daina jan carbi.

"Gyara min matashi," in ji shi.

Dariya ta ƙwace mini, irin mai haɗe da majina da kuka. Gwaggo ta kai mini duka a cinya. Yaya ya tashi ya gyara matashin. Da ya gama bai koma mazauninsa ba. Ya durƙusa a ƙasa, ya kifa goshi a bakin gado, ya fashe da kuka. Mutumin da ko ranar da aka fita da mahaifiyarmu ban ga hawayensa ba.

"Baba, don Allah," yake cewa. "Don Allah, Baba. Tsoro nake ji."

Baba ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. Ina gani dariyar ta janye daga fuskarsa kaɗan-kaɗan. Ya lallaɓa ya ɗora masa hannu a ka.

"To, tashi. Faɗa min."

Yaya ya ɗago ya faɗa. Baba ya maimaita ta tiryan-tiryan, da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Sannan ya rufe baki.

Mun ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Amma mutuwa ba ta zo ba. Hantsi ya wuce, rana ta take, Baba yana kwance idonsa a buɗe yana kallon rufin ɗaki. Ni na yi jinyarsa, na san ciwon nan in ya taso yadda yake yi. Da can yakan yi nishi, ya kira sunan Allah, ya zagi hantar kamar yaron motar da ya ɓata masa rai. Ranar nan ina ganin ciwon yana tasowa, jijiyoyin wuyansa su miƙe, ya damƙe zanen gado, ya cije leɓe har ya fashe, amma ko nishi mai sauti bai bari ya fita ba. Na riƙa jiƙa auduga ina goga masa a baki. Gwaggo ta raɗa mini cewa Allah Ya yi masa sauƙi, hankali ya tafi. Ni dai na san ba haka ba ne. Duk inda na gusa a ɗakin idonsa yana bi na.

Da aka kira azahar Yaya ya yi ta jinkiri, daga baya ya tafi masallacin ƙofar gida. Gwaggo ta fita alwala. Na matso na sa baki a kunnensa.

"Baba, ya fita. Ka yi magana. In ya dawo sai ya sake faɗa maka."

Ya girgiza kai, ɗan kaɗan.

Haushi ya turnuƙe ni, na Yaya da na Baba duka. Tun safe bai ce mini komai ba. Ya yi maganar akuya, ya yi maganar matashi, ya ce wa Yaya ya tashi, ni da na bar ɗinki na zauna da shi wata da watanni ko 'yar nan bai ce mini ba. Na ce, Baba ka yafe mini. Ya matse hannuna. Na ce ban ji ba, da baki nake so. Sai na ga fuskar nan da na sani tun ina ƙarama, wadda yakan yi in magana ta zo masa, gira ɗaya ta ɗaga, gefen baki ya motsa. Leɓunansa suka rabu. Ya dubi ƙofa. Sannan ya rufe bakin, na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye ta. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne, na sa mayafi na goge.

Bayan la'asar ya cika, Yaya yana riƙe da hannunsa ɗaya ni ina riƙe da ɗayan. Kafin magariba an kai shi.

A zaman makoki duk macen da ta shigo, bayan gaisuwa sai ta sassauta murya ta tambaya ko ya samu kalma. Gwaggo ke amsawa. Ta ce ya samu, tiryan-tiryan, kuma daga ita Allah Ya ɗauke hankalinsa, bai ƙara sanin inda yake ba. Mata su ce ya dace, Allah Ya sa mu cika haka. Wata tsohuwa da ta san shi tun yana saurayi ta ce ikon Allah, mai bakin nan. Daga zaure ina jiyo maza suna yi wa Yaya irin wannan tambaya, ina jin yana cewa alhamdu lillahi. Kwanakin nan duk ban yi masa magana ba. In ya shigo cikin gida sai in sami abin yi a wani wuri. Ina ta tara abin da zan gaya masa in baƙi sun watse, na shirya shi tsaf, kuma na san inda zai yi masa ciwo.

Da aka tashi daga makoki, Gwaggo ta koma Dutsi, wata rana da yamma ina rumfa ina ɗinki sai ga shi. Ya zauna a tabarma kusa da keken, abin da bai taɓa yi ba. Ban tsaya ba, na ci gaba da taka keken. Ya jira har zare ya tsinke.

"Ranar nan Baba idonsa biyu, ko?" in ji shi.

Na ce idonsa biyu.

"Da na tafi masallaci, bai ce komai ba?"

"Bai ce ba."

"Kin gaya masa na fita?"

"Na gaya masa. Na roƙe shi ma."

Ya gyaɗa kai, yana kallon tabarma, yana jan wani zare da ya fito daga bakinta.

"Na ga ciwon yana cin sa," ya ce. "Na ga bakinsa yana motsi. Ina zaune ina roƙon Allah kada ya yi magana." Ya ɗago ya dube ni. "Ke kin fi ni saninsa. Me kike ganin yake so ya ce?"

Na nemi maganganun da na tara, ban sami ko ɗaya ba. Na dube shi, ya rame, gemunsa ya yi furfurar da ban lura da ita ba.

"Ban sani ba, Yaya," na ce. "Bai faɗa ba."

Aka kira magariba a masallacin ƙofar gida. Muna jin takun mutane suna wucewa, muna ji aka tayar da salla, yana zaune a tabarmar bai tashi ba.